Kason haɗaka a tabilo mai ƙofa biyu: cikin su wa ake rabawa?

A ce kana zaune a fada bayan la'asar ana jiran shayi na biyu, sai wani ya ɗaga salula ya ce kun ji, wai an yi bincike an gano kashi 60 cikin 100 na yaran da palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya kama duk cikin sange suke kwana, kenan sangen nan da ake ta rabawa ba ya da wani amfani. Abin da zai ba ka mamaki shi ne lambar da ya faɗa za ta iya zama daidai ba kuskure ko ɗaya, amma hukuncin da ya yanke ya zama mai hatsari, irin wanda zai sa wata uwa ta naɗe sange ta ajiye bisa akwati a tsakiyar damina. Wanga abu yana damuna ƙwarai, don ba ƙarya aka yi ba balle a ƙaryata, rashin sanin lambar da aka raba da ita ne kawai. Shi ya sa nake so mu zauna a kan lissafin kason haɗaka, wato kason waɗanda suka haɗa siffa biyu cikin duka waɗanda aka ƙirga, musamman ƙannena ƴan lise da ɗaliban jami'ar Djibo Hamani ta nan Tahoua da ke haɗuwa da shi a darasin kididdiga, har ma da wanda ya daɗe da barin lakkwal amma yana sauraren rediyo.

Mu fara da inda tabilon yake fitowa. Ku ƙaddara ma'aikatan lafiya sun bi gida gida a wata unguwa cikin watan Satumba, lokacin da ruwa ya kwanta ko'ina sauro ya yi yawa, suka duba yara 200. Kowane yaro abu biyu ake rubutawa a kansa. Na farko a tambayi uwa, yana kwana cikin sange ko a'a. Na biyu a yi mashi gwajin gaggawa, a soki yatsa da ɗan tsinke, a ɗiga jinin cikin ƴar robar gwaji, a ƙara ɗigon ruwan magani, a jira kamar kwata na awa, in layi biyu ya fito akwai palu, in ɗaya ne babu. Mai rubutu yana riƙe da kaye ya ja layi ya raba shafin ɗaki huɗu, duk yaron da aka gama da shi sai ya ja ɗan sanda guda a ɗakin da ya dace, sanduna huɗu su yi murabba'i na biyar ya ratsa tsakiya, don ƙirga ta yi sauƙi da yamma. Lambobin da zan kawo nan na misali ne, ni na tsara su don lissafin ya fita sarai, kar wani ya ɗauka sakamakon wani bincike ne.

| | Akwai palu | Babu palu | Jimilla |
|---|---|---|---|
| Yana kwana cikin sange | 36 | 114 | 150 |
| Ba ya kwana cikin sange | 24 | 26 | 50 |
| Jimilla | 60 | 140 | 200 |

Ana ce mashi mai ƙofa biyu don ta waje biyu ake shigarsa, ta gefen hagu tambayar sange, ta sama sakamakon gwaji, inda layin kwance ya gamu da layin tsaye nan ne ɗakin. Ɗakuna huɗun nan na tsakiya, 36 da 114 da 24 da 26, su ne zuciyar tabilon, kowane ɗaya yana faɗin yara nawa ne suka haɗa siffa biyu a lokaci guda. Lambobin bakin gefe kuma, 150 da 50 a dama, 60 da 140 a ƙasa, jimloli ne na tambaya ɗaya ɗaya. Sai 200 ɗin can a kusurwar ƙasa ta dama, ita ce babbar jimilla, kuma dan Allah tun yanzu ka sa mata ido don duk maganarmu a kanta take.

To kason haɗaka mine ne? Ka ɗauki lambar ɗaki guda na tsakiya ka raba da babbar jimilla, shi kenan fa, babu wata dabara a ɓoye. Yaran da ke kwana cikin sange kuma gwaji ya nuna palu su 36 ne, 36 raba 200 ya ba ka 0,18, ka ninka da 100 ya zama kashi 18 cikin 100. Masu sange da ba su da palu, 114 raba 200, 0,57 kenan, kashi 57. Marasa sange masu palu, 24 raba 200, 0,12, kashi 12. Marasa sange da suka tsira, 26 raba 200, 0,13, kashi 13. Na yi amfani da waƙafi wajen rubuta 0,18 kamar yadda aka koya mana a nan Nijar, in ka ga littafin Najeriya an sa ɗigo 0.18 abu ɗaya ne.

Da ka gama, kar ka tashi sai ka tara su. 18 da 57 sun ba da 75, ƙara 12 ya zama 87, ƙara 13 ya cika 100. Dole ne ya cika, don kowane yaro cikin 200 ɗin yana ɗaki ɗaya tak, babu wanda ya rage waje babu wanda ya shiga biyu. Kamar buhun hatsi ne da aka juye cikin kwarya huɗu, kowace kwarya ana auna ta ne da buhun gaba ɗaya, in ka mayar da su dole buhun ya cika yadda yake. In ka tara ka samu 130 ko 200 to wani wuri ka canza lambar ƙasa, wato wadda kake rabawa da ita, ba ka lura ba, kuma mafi yawan lokaci jimillar layi ce ta shige maka a madadin babbar jimilla.

Wani zai ce to tunda muna da lambar 24 a hannu mi ya sa za mu wahala mu mayar da ita kashi 12? Saboda 24 ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka san cikin nawa. In an yi irin wanga aiki a wani ƙauye wajen Abalak aka duba yara 80 aka samu 16 marasa sange masu palu, a ido 16 bai kai 24 ba, amma 16 raba 80 kashi 20 ne, ya fi namu kashi 12 nesa. Kaso ne ke ba ka damar jera wurare biyu masu girma daban ka kwatanta. Kuma ga wanda ke tsara aiki, majo a asibitin unguwa ko mai rabon kaya, kason haɗaka ne ainihin abin da yake nema, don shi tambayarsa ita ce cikin duk yaran da ke hannuna nawa ne ke bukatar magani da sange gaba ɗaya. In yaran yankin 5000 ne kuma 200 ɗin nan an zaɓo su yadda ya kamata ba son rai ba, kashi 12 na 5000 yara 600 kenan, ga adadin da zai rubuta cikin takardar neman kaya. Na ce yadda ya kamata don in a ƙofar asibiti aka tsaya aka ƙirga waɗanda aka kawo, to marasa lafiya ne suka fi zuwa, kason zai kumbura ya wuce gaskiyar gari. Haka hukumar kididdiga ta ƙasa, INS, ke fitar da irin waɗannan tabiloli bayan ƙidayar jama'a, kamar ta 2012 da ta nuna mun haura miliyan 17, ana jera maza da mata a gefe ɗaya, birni da karkara a ɗayan, kuma duk mai karantawa sai ya bambanta matan karkara cikin duka ƴan ƙasa da matan karkara cikin mata kawai.

Kason gefe ba shi da wuya, ba zan daɗe a kansa ba. Jimillar gefe ce ake rabawa da babbar jimilla, 150 raba 200 kashi 75 na yaran suna da sange, 60 raba 200 kashi 30 suna da palu. Ka lura kason haɗaka na layi guda in ka tara shi yake ba da na gefe, 18 da 57 su ne 75 ɗin, 18 da 12 su ne 30 ɗin, wata hanya ce kuma ta duba aikinka.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami, kuma nan nake so a nutsu. Lambar nan 36 ita ɗaya za a iya raba ta da abu uku daban, kowane ya ba da amsa ta gaskiya amma ga tambaya daban. In ka raba da 200 ka samu kashi 18, ma'ana cikin duka yaran da aka duba kashi 18 ne masu sange kuma masu palu, wanga shi ne na haɗaka. In ka raba da 150 ka samu kashi 24, ma'ana cikin masu sange kawai kashi 24 ne palu ya kama. In ka raba da 60 ka samu kashi 60, ma'ana cikin masu palu kawai kashi 60 suna da sange. Biyun ƙarshen nan su ake kira kason sharaɗi, don an gindaya sharaɗi tun farko, an ware wani rukuni an rufe ido ga sauran.

Kun ga inda mutumin fada ya samo kashi 60 ɗinsa kenan. Bai yi ƙarya ba, amma ai yara uku cikin huɗu a unguwar suna da sange, to duk rukunin da ka ɗebo, masu palu ne ko masu tari ko masu jar riga, masu sange za su yi yawa a ciki. In ma za a bi ta hanyarsa, kashi 75 ya kamata a gani cikin masu palu in da sangen ba ruwansa, sai ga shi 60 aka gani, ya ragu kenan. Tambayar da ta dace da batun amfanin sange ita ce a dubi kowane layi da jimillarsa, masu sange 36 cikin 150 kashi 24, marasa sange 24 cikin 50 kashi 48, ninki biyu cif. Tabilo ɗaya, lambobi iri ɗaya, amma labarin ya juye gaba ɗaya.

Kuma a gaskiya shi kansa kason haɗaka yana iya ruɗar mutum ta nan, ba zan ɓoye ba duk da shi muke koyo. Wanda ya ga kashi 18 na masu sange masu palu kusa da kashi 12 na marasa sange masu palu zai iya cewa ai 18 ta fi 12. Ta fi mana, don masu sangen sun ninka marasa shi sau uku. Kason haɗaka yana gaya maka girman rukuni cikin jama'a, nauyin da ke kan asibiti, ba ya gaya maka hatsarin da ke kan yaro guda. Kowanne da aikinsa.

A jarrabawa kunnenka ne zai cece ka tun kafin kalkuleta. In tambaya ta ce wane kaso ne na yaran da aka duba suke da sange kuma suke da palu, kalmar kuma ɗin nan tare da ambaton duka yaran ita ce alamar haɗaka, ka tafi kusurwa ka ɗauko 200. In ta fara da cikin masu sange, ko daga cikin waɗanda gwaji ya nuna palu, to an riga an taƙaita maka rukuni, jimillar wanga layi ce lambar ƙasanka. Ni shawarata kullum ita ce kafin ka rubuta lambar sama ka fara rubuta ta ƙasa, ka ja layi, ka tambayi kanka cikin su wa, in ka amsa wannan sauran danna maɓalli ne.

Bari in kawo misali na gaske wanda lambobinsa ke rubuce a tarihi, jirgin ruwan Titanic da ya taso daga Ingila za shi Amurka ya ci karo da dutsen ƙanƙara ya nitse a watan Afrilu na 1912. Bisa alƙaluman binciken da hukumomin Ingila suka yi, mutum 2201 ne a ciki har da ma'aikatan jirgin, 711 suka tsira. Maza, manya da yara, 1731 ne, 367 suka tsira 1364 suka rasu. Mata 470, 344 suka tsira 126 suka rasu. Ka yi kason haɗaka ka gani, maza da suka tsira 367 raba 2201 kusan kashi 16,7, mata da suka tsira 344 raba 2201 kusan kashi 15,6. Wanda ya tsaya nan zai ce maza sun ɗan fi mata tsira, kuma ta fuskar ƙirga kai haka ne. Amma ka raba kowanne da jimillar jinsinsa, 344 cikin 470 ya haura kashi 73, shi kuwa 367 cikin 1731 kashi 21 ne da ɗan kai. Wato mace a jirgin nan damarta ta tsira ta ninka ta namiji fiye da sau uku, don mata da yara aka fara sawa cikin ƙananan jiragen ceto, yawan mazan ne kawai ya sa kasonsu na haɗaka ya yi sama, ma'aikatan jirgin kaɗai 885 ne kuma kusan dukansu maza. Ɗakin da ya fi kowanne girma a tabilon, maza da suka rasu, kusan kashi 62 ne na duk mutanen jirgin, kuma wanga nauyi kason haɗaka ne kaɗai ke nuna shi a fili haka.

Akwai wani amfani da ƴan jami'a za su so, shi ne duba ko tambayoyin biyu suna da alaƙa da juna. In da sange da palu babu abin da ya haɗa su, da kason haɗaka na kowane ɗaki zai yi daidai da kason gefensa biyu in an ninka su. A namu tabilon masu sange 0,75 ne, masu palu 0,30, ninka su ka samu 0,225, wato yara 45 cikin 200 ya kamata a gani a ɗakin farko, mu kuwa 36 muka gani, ya gaza da 9. Ɗakin marasa sange masu palu 0,25 sau 0,30 ya ba da 0,075, yara 15 kenan, mu 24 muka gani, ya ɗara da 9. Wanga tazara tsakanin abin da ake tsammani da abin da aka tarar ita ce tushen gwajin ki-kare da masanin lissafin nan na Ingila Karl Pearson ya fitar a 1900, shi ne kuma ya yi rubutu na musamman kan irin wanga tabilo a 1904. Gwajin yana auna ko tazarar ta yi girman da ba za a ce katari ba ne.

Sai dai alaƙa daban, sanadi daban. Gidan da ke kula da sange wataƙila shi ne kuma gidan da ba ya wasa da maganin rigakafin palu na damina, wanda hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawararsa a 2012 ga yara ƴan wata 3 zuwa wata 59 a yankinmu na Sahel, ko kuma gidan ya fi nisa da tafki. Tabilo mai ƙofa biyu tambaya biyu kawai ya sani, ta ukun ba ya ganinta sai in kai ka raba shi gida biyu ka sake lissafi. Amfanin sange mai magani an tabbatar da shi ta manyan gwaje-gwaje a ƙasashen Afirka da dama, ba a kan ɗan tabilo irin namu ya dogara ba.

Ga masu aiki da kwamfuta, in ka shigar da tabilon cikin Excel tun daga ɗakin A1, 36 za ta faɗa B2, babbar jimilla kuma D4. Ka rubuta =B2/$D$4 a wani wuri sannan ka ja shi zuwa sauran ɗakunan. Alamar dalar nan ita ke ɗaure D4 ta hana shi motsi, in ka manta ta da ka ja sai lambar ƙasa ta zame zuwa ɗakin da ba kowa, ko ta sauka kan wata lamba daban ta ba ka amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba, kuma wannan ta biyun ta fi muni don ba abin da zai yi maka gargaɗi. Batun taƙaita lamba kuma, in ka rubuta na Titanic da lamba biyu bayan waƙafi za ka samu 61,97 da 16,67 da 5,72 da 15,63, tara su 99,99 ne, wannan ba kuskure ba ne, ɗan abin da aka yanke ne a kowane ɗaki, kar ka je ka ƙara wa wani ɗaki don ya cika da ƙarfi.

Abin da ya fi ɓata lissafin nan a aikin zahiri ba rabawa ba ce, ita kanta babbar jimillar ce. A ce cikin yaran nan 200 guda 10 ba a tarar da uwayensu ba, kaka ce a gida kuma ta ce ita ba ta san inda yaron ke kwana ba, an yi masu gwaji amma tambayar sange ba amsa. Hanya biyu gare ka, ko ka cire su jimilla ta koma 190 ka raba komai da 190, ko ka ƙara layi na uku na waɗanda ba a samu amsarsu ba jimilla ta tsaya 200 ɗakuna su zama shida. Duka biyun sun halatta matuƙar ka rubuta ƙarƙashin tabilon wadda ka bi, abin da bai halatta ba shi ne ɗakuna su tara 190 kai kuma kana raba su da 200. Haka nan yaron da aka ƙirga sau biyu don an same shi gidan babansa da safe kuma gidan gwaggonsa da yamma. Sannan ita tambayar kanta sai an tsayar da ita tun kafin a fita, don a garin nan in zafi ya matsa mutane tsakar gida suke shimfiɗa tabarma, yaro yau yana cikin sange gobe ba ya ciki, in ka tambayi uwa yana kwana cikin sange za ta ce e da a'a duka. Shi ya sa masu binciken lafiya suke tambaya game da daren jiya kawai, ya kwana cikin sange jiya ko bai kwana ba, amsa ɗaya ce ba ta biyu, sai mai rubutu ya san ɗakin da zai ja sandansa.